Liƙin tagulla: yadda za ka hana ta yin ja ko baƙi, da yadda za ka dawo mata da launinta

Munduwar wata dattijuwa ce ta fara koya mini wannan karatu. Ta tagulla ce, ta gado, ta karye daidai inda murɗin ya ƙare. Na daidaita bakunan, na sa wuta, azurfar liƙi ta narke ta bi tsagar lafiya lau. Da na tsamo ta daga ruwan tsamin da ake wanke ƙunar wuta da shi bayan liƙi, sai na ga kusan rabinta ya koma ja-ja kamar tsohon kwabo. Na ɗauka datti ne. Na ƙara alif a ruwan, na mayar da ita ina juyawa da awartakin ƙarfe, na bar ta ta kwana a ciki. Gari na wayewa jan ya mamaye har inda wuta ba ta taɓa ba. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, domin baiwar Allah ta ba ni amanar abu rawaya mai sheƙi, ga shi ya zama wani abu dabam a hannuna.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, wannan jan ba datti ba ne da za a wanke. Jikin tagullar ne ya sauya.

Abin da kowane launi ke nufi

Tagullar da nake magana a kanta ita ce rawayar nan da maƙeran fari ke yin munduwa da zobe da likkafa da adon linzami da ita, wadda Bida ta yi suna wajen ƙera tire da kwanukanta. Haɗi ce ta ƙarfe biyu, jan ƙarfe da tutiya. Wadda aka fi samu a falle ko waya tana da kashi 70 na jan ƙarfe da 30 na tutiya, wata kuma 60 da 40. Tutiyar ce ke ba ta launin rawaya, kuma ita ce mai rauni a cikinsu a gaban wuta. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1085 na ma'aunin Salshiyas, ita kuwa tutiya a digiri 907 ta riga ta tafasa ta zama hayaƙi, kuma tun kafin a kai nan ta fi jan ƙarfe saurin ƙonewa idan iska ta same ta da zafi. Saboda haka duk lokacin da ka daɗe da wuta a kan tagulla, tutiyar da ke fuskarta ce ke fara tafiya. Ruwan tsami ya zo ya kwashe ƙonanniyar, ya bar maka fatar jan ƙarfe zalla a sama. Wannan shi ne jan.

Baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu ƙunar jan ƙarfen ce da kansa, kuma ita ce mafi sauƙin magani. Kore ba ya fitowa nan take, sai bayan kwana biyu ko mako, a gefen liƙin: ragowar maganin liƙi ne (wanda ake shafawa a haɗi don liƙi ya kama) mai tsami da ba a wanke ba yake cin ƙarfen. Toka-toka ko fari kuwa dalma ce ko azurfa ta malala inda ba a aike ta ba.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Kafin komai, kara masa maganaɗisu. Tagulla ba ta kama maganaɗisu. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, kuma wuta na taɓa shi rufin zai ƙone ba dawowa. Gara ka faɗa wa mai kaya gaskiya tun kafin ka kunna wuta.

Sannan ka duba ko an shafe shi da banish. Yawancin kayan tagulla na kanti, irin su mariƙin ƙofa da fitilu da kofunan ado, suna da shi. Ɗiga asiton ko tina a tsumma ka goga a wani lungu. Idan wurin ya yi danƙo, akwai banish, kuma dole ka cire shi daga duk inda zafi zai kai, ba bakin haɗin kaɗai ba. Banish da ya ƙone yana barin baƙin tabo mai taurin kai, yana kuma hana liƙi kamawa.

Abu na uku, nemi alamar tsohon gyara. Idan wani ya taɓa liƙa kayan da dalma, ka kankare ta tas kafin ka kawo wutar azurfa, domin a wannan zafin dalma tana nutsewa cikin tagulla ta ci ta, ta bar ramuka masu toka-toka da babu gogewar da za ta fitar. Haka kuma tagullar da aka zuba daga tarkacen kan famfo da kwaɗo sau da yawa tana ɗauke da dalma a jikinta. Irin wannan ba ta son wuta mai yawa, takan tsage.

Mataki na biyu: wane liƙi aikin yake so?

A nan ake cin rabin yaƙin. Wayar dalma da kuza, irin ta masu gyaran rediyo da lagireto, tana narkewa a wajen digiri 183 zuwa 190. Wadda ba ta da dalma, ta kuza da ɗan jan ƙarfe ko azurfa, tana narkewa a wajen 220 zuwa 230. A wannan zafin tutiya ba ta zuwa ko'ina, iyaka tagullar ta ɗan yi duhu, ka goge ya fita. In dai aikin ba ya ɗaukar nauyi ko lanƙwasa, kamar akwatin ado ko firam, wannan ya wadatar. Aibinsa layin haɗin toka-toka ne, kuma ba shi da ƙarfi sosai.

Abin da za a sa a jiki ko a ci abinci a ciki, kada dalma ta kusance shi. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Yi amfani da marar dalma, kada kuma ka yi aikin a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Munduwa, zobe, ƙugiya, duk abin da zai sha wahala, sai azurfar liƙi. Tana zuwa hawa-hawa: mai saurin narkewa a wajen digiri 700, mai tauri kuma tana haura 750. Tagullar 70 da 30 kanta tana fara narkewa ne da ta ɗan wuce 900. Ka ga tazarar ba ta da yawa. Ni a kan tagulla mai saurin narkewar nake ɗauka kusan kullum, sai fa in akwai haɗi biyu ko uku a kusa da juna, sai in fara da mai tauri in ƙare da mai sauƙi don na farko kada ya saki. In ka samu azurfar liƙi mai ɗan launin rawaya, riƙe ta da kyau, layinta ya fi ɓacewa a jikin tagulla. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko babu ƙarfen da ake kira kadmiyom a ciki. Hayaƙinsa guba ne mai kisa, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sa shi a sandunan liƙi tun 2011, amma tsofaffin kaya suna nan suna yawo a kasuwa.

Mataki na uku: tsafta da haɗin baki

Goge bakunan da magagari ko samfefa har ƙarfe mai haske ya fito, ka wanke da omo da ruwan ɗumi, daga nan kada yatsanka ya sake taɓa wurin. Haɗa bakunan ka ɗaga su saitin haske. Idan kana hango haske ta tsakani, koma kan magagari. Azurfa ba ta cike rami, siririyar tsaga take bi. Mai gaggawa yakan bar giɓi, sannan ya tsaya da wuta minti uku yana jiran azurfa ta cike shi, alhali aikin na daƙiƙa talatin ne. A cikin wannan jiran ne tutiya ke ƙonewa.

Mataki na huɗu: rufe fuskar ƙarfen gaba ɗaya

Yawancinmu muna shafa maganin liƙi, wato fulaks, a bakin haɗi kawai, mu bar sauran jikin tsirara a gaban wuta. Duba kayan da ya yi ja da kyau: sau da yawa za ka ga gefen liƙin rawaya ne tas, jan kuma ya zagaye shi daga nesa kaɗan. Inda magani ya rufe ya tsira, inda iska ta samu ya ƙone.

Ga yadda nake yi. Ina zuba hodar borik, wani farin sinadari, a ƙaramar kwalba mai murfi, in zuba sipirit irin na kemis a kai har ya zama kamar madara mai ɗan kauri. In girgiza, in tsoma kayan gaba ɗaya ko in shafe shi da buroshi, in rufe kwalbar in kai ta nesa, sannan in kusanto da wuta. Sipirit ɗin zai kama da koren harshe ya mutu da kansa, ya bar farar hoda ta lulluɓe ko'ina. Idan na ga wurin da bai rufu ba, sai in bari ya huce in maimaita. Don Allah a kula da rufe kwalbar nan, wutar sipirit ba ta cika ganuwa da rana ba.

In babu borik, dama boraks da ruwa ya yi kamar koko, ka shafe jikin duka, ka busar da shi a hankali da wuta daga nesa. Bayan wannan rufin ne za ka sa fulaks na ainihi a bakin haɗi, ka ɗora azurfar. Yanka ta ƙanana kamar ƙwayar gero. Ƙwaya biyu ko uku sun ishi bakin munduwa. Abin da ya wuce haka malala zai yi ya bar maka farin tabo.

Inda ba ka son liƙi ya bi, kamar cikin zane ko murɗi, zana wurin da fensir sosai, ko ka shafa ɗan kwaɓaɓɓen yumɓu ka bari ya bushe. Azurfa da dalma ba sa bin wuri mai datti, sai ka mai da wannan halin nasu abin amfani. Ka dai kula kada yumɓun ya gauraya da fulaks ɗin haɗin.

Mataki na biyar: wuta

Yi aikin a inuwa, inda iska ke wucewa amma ba ta kaɗa harshen wutar. A tsakiyar rana ba za ka ga lokacin da ƙarfe ya fara ja ba, sai ka wuce gona da iri ba ka sani ba. Ɗora kayan a kan gawayi mai faɗi ko bulon da ke jure wuta, ka jingina wasu a baya da gefe su riƙa mayar da zafi. Gawayi yana da wata fa'ida: yana cinye iskar da ke kewaye da kayan, ƙuna ta ragu.

Mutane suna tsoron babbar wuta, suna ganin ita ce ke ƙona tagulla. A gaskiya ƙaramar wuta ta fi ɓarna, domin tagulla tana janye zafi ta watsa shi cikin jikinta da sauri, sai ka yi ta hurawa wurin bai kai ba, fulaks ya gaji ya mutu, ƙarfe ya yi baƙi. Nemi harshe mai faɗi, mai laushi, shuɗi, wanda ba ya tsananin huci. Harshe siriri mai kaifi da ƙara iska ta yi masa yawa, shi ne ke cin tutiya. Wutar kabaid ta masu walda tana haura digiri 3000, ta fi ƙarfin ƙananan kaya. In ita kaɗai gare ka, sa ƙaramin baki, ka ja da baya, kada hannunka ya tsaya wuri ɗaya.

Fara da zagaya jikin duka, ka fi ba ɓangare mai kauri zafi, sannan ka matso haɗin. Kada ka auna azurfar da wuta kai tsaye. Ƙarfen ne zai narkar da ita, in wuta ce ta narkar da ita sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ƙi gudu.

Idonka a kan fulaks. Da farko zai yi kumfa, ya kumbura fari, sannan ya kwanta, sannan ya koma garau kamar gilashi a wajen digiri 600. Daga nan saura ƙiris. Ƙarfen zai ɗauki ja mai duhu, sai ka ga azurfar ta yi walƙiya ta shige tsagar kamar an ja zare mai haske. A wannan daƙiƙar ka ɗauke wuta. Kada ka ƙara "don ya kama sosai", ya riga ya kama.

Idan ka ga farin hayaƙi yana tashi daga jikin ƙarfen, ko farar hoda kamar auduga tana taruwa, tutiya ce ke ƙonewa, ja da baya nan take. Shaƙar wannan hayaƙin yana kawo zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon jiki bayan wasu sa'o'i, har mutum ya ɗauka maleriya ce. Yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, amma in numfashi ya yi wuya a tafi asibiti. Idan kuma azurfa ta ƙi gudu bayan ƙarfe ya yi ja, kada ka nace. Tsaya, bari ya huce, wanke, sake shafa magani, ka faro daga farko.

A liƙin dalma dokar ɗaya ce, zafin ne kawai kaɗan: ɗumama ƙarfen, ka taɓa wayar a haɗin, in ta narke ta bi shi ke nan. Idan tagullar ta fara yin shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa, ka wuce zafin da ake so.

Mataki na shida: sanyaya da wanki

Bari jan ya mutu gaba ɗaya, ka ƙara jira kaɗan, sannan ka tsoma a ruwan sanyi. Tagulla mai tsananin zafi takan tsage in an jefa ta ruwa, kuma jefa ta kai tsaye cikin ruwan tsami yana fantsamo shi a fuska. In ka ɗaure kayan da wayar ƙarfe, kwance ta yanzu.

Ruwan tsamin da ya fi sauƙin samu shi ne alif a ruwan ɗumi, cokali biyu ko uku a kofi. Hodar tsamin lemo da masu kayan kek ke sayarwa tana yi, haka ma farin khal da ɗan gishiri. Wasu suna amfani da ruwan batir da aka sirka, ni ban ba da shawararsa ba: yana ƙona fata da tufafi, wanda aka zuƙo daga tsohon batir kuma akwai dalma a ciki. Wanda ya zama dole ya yi, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid.

Ruwan ya zama mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a mazubin gilashi ko tangaran ko roba mai kauri. Minti biyar zuwa goma, kana dubawa. Da baƙin ya saki, gilashin fulaks ya narke, fitar da shi. Kada ka bar shi ya kwana.

Kuma kada baƙin ƙarfe ya taɓa ruwan nan ko sau ɗaya: ba awartaki, ba ƙusa, ba cokali. Ruwan tsamin da aka yi aiki da shi, musamman in ya fara shuɗi, cike yake da narkakken jan ƙarfe. Baƙin ƙarfe na shiga, wannan jan ƙarfen zai fita daga ruwan ya kwanta a jikin kayanka. Abin da ya sa jan munduwar nan ya kai har inda wuta ba ta je ba ke nan. Yi amfani da tsinken itace, ko hantsakin roba ko na jan ƙarfe.

Daga nan sai ruwa mai bekin soda, cokali ɗaya a kofi, ya kashe tsamin, sai ɗauraya da busarwa.

In jan ya riga ya fito

Fatar jan siririya ce ƙwarai, rawayar tana nan a ƙarƙashi. Hanya biyu ce. A wuri mai santsi, goge ta da samfefa mai laushi da ruwa: fara da lamba 600, ka hau 800, ka ƙare da 1200, kana bin gefe ɗaya a kowane hawa.

A wuri mai zane ko murɗi inda samfefa za ta cinye ado, sai haidurojin, wanda ake wanke ciwo da shi. Zuba sabon ruwan tsami mai ɗumi a kofin gilashi, ka ƙara haidurojin mai kashi 3 daidai yawansa. In na kashi 6 ne a kwalbar, rabin haka ya isa. Tsoma kayan ka tsaya a kansa. Ƙananan kumfa za su taso, ruwan ya fara shuɗi, jan ya riƙa dushewa. Duk minti ɗaya ka ciro ka goga da tsohon buroshin haƙori ka duba. Da rawaya ta bayyana, cire, ka kai ruwan soda. Wannan haɗin jan ƙarfe yake ci, in ka manta da kayan a ciki zai ci fuskar ta yi kaushi, ya kuma raunana liƙin. Yi shi a waje da safar hannu da tabarau, kada ka rufe shi a kwalba domin yana fitar da iska, kada kuma bilic ya kusance shi. Ƙarfinsa ba ya daɗewa, don haka haɗa daidai na aikin ranar. In ka gama, kashe shi da soda, kada ka zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Da wannan na ceto munduwar dattijuwar. Ta fito rawaya amma dusu-dusu ba sheƙi, sai da na bi ta da buroshin tagulla da ruwan sabulu.

Baƙin da ya ƙi fita a wanki na farko yawanci gilashin fulaks ne ya rufe shi. Jiƙa kayan a ruwan zafi ya narke, ka mayar ruwan tsami. Kore kuwa, goge shi da lemun tsami da gishiri, ka ɗauraye, ka dirje da kwaɓin soda, ka shiga kowane lungu da buroshi, in ba haka ba zai dawo. Fulaks mai asid da ake liƙin dalma da shi ne ya fi jawo wannan, don haka wanke shi tun ranar aikin. Dalmar da ta malala, ɗumama ta ka share da wayar jan ƙarfe mai gashi da aka shafa wa fulaks, ragowar ka kankare da wuƙa ka bi da samfefa. Azurfar da ta malala sai magagari.

Gogewa da ajiya

Bayan samfefa, man goge ƙarfe irin Brasso a tsumma mai laushi zai dawo da sheƙi. Wanke shi sosai da sabulu daga baya, domin irin waɗannan mayukan sukan ƙunshi amoniya, sinadarin nan mai zarnin fitsari da ke iya tsaga tagulla. Busar da kayan sarai, ka shafa kakin zuma kaɗan ka murza, ko ka fesa banish marar launi in kayan ado ne da ba a yawan taɓawa.

Maganar amoniya ba ƙarama ba ce. Sojojin Ingila a Indiya sun yi ta ganin kwanson harsasansu na tagulla yana tsagewa da damina, sai daga baya aka gano a bargar dawaki ake ajiye su, amoniyar fitsarin doki da laima ne ke tsaga ƙarfen. Wanda ya gyara likkafa ko adon linzami na hawan Sallah, ya gaya wa mai doki ya naɗe su a busasshen ƙyalle ya kai ɗaki, kada ya rataye su a barga.